Tafiyar Aristo Daga Atina Zuwa Zaurukan Ƙasar Hausa



Duk wanda ya taɓa durƙusawa gaban malami a zaure, ko a Kano ne, ko a Sabo ta Ibadan, ko a Agege, ya san littafin Ahalari, ɗan ƙaramin littafin nan na tsarki da salla wanda ake soma karatun ilmi da shi. Amma ba kowa ne ya san cewa mai wannan littafi, watau Shehu Abdurrahman al-Akhdari, mutumin yankin Biskara ta ƙasar Aljeriya, yana da wani littafin dabam ba. Waƙa ce mai baiti ɗari da arba'in da 'yan kai, ana ce da ita Sullam, ya tsara ta a shekarar Hijira ta 941, watau wajen 1535, yana saurayi ɗan shekara ashirin da ɗaya. Waƙar tana koyar da ilmin manɗiƙi ne, ilmin auna hujja don a gane mai ƙarfi da mai rauni. To, wanda ya aza harsashin wannan ilmi ba Balarabe ba ne, ba kuma Musulmi ba ne. Wani Bagirke ne da ya mutu fiye da shekara ɗari takwas kafin haihuwar Manzon Allah (S.A.W.). Larabawa suna kiransa Arisɗu ko Arisɗaɗalis, Turawan Ingila suna cewa Aristotle, a nan kuwa za a taƙaita a ce Aristo. Maganar yau ita ce yadda tunanin wannan mutum ya taso daga bakin tekun Girka har ya iso zaure, da irin rigunan da aka yi ta sauya masa a hanya.

An haifi Aristo a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.), a wani ƙaramin gari mai suna Sitagira a arewacin Girka. Ubansa likitan Sarkin Makidoniya ne. Yana ɗan shekara goma sha bakwai ya tafi birnin Atina neman ilmi, ya zauna shekara ashirin a makarantar Aflaɗun. Bayan mutuwar malaminsa ya bar garin, daga baya aka kira shi ya koyar da ɗan sarki, wanda duniya ta sani da Iskandar Mai Girma. A shekara ta 335 ya komo Atina ya buɗe tasa makarantar. Abin lura a nan shi ne, duk daɗewar da ya yi a Atina bai taɓa zama ɗan gari ba. Baƙo ne mazauni, doka ba ta ba shi ikon mallakar fili ko jefa ƙuri'a ba. Da Iskandar ya mutu a shekara ta 323, mutanen Atina suka tasar wa duk mai dangantaka da Makidoniya, aka tuhumi Aristo da raina abubuwan bautarsu, ya tattara nasa ya nasa ya ƙetare zuwa Kalkis, inda ya mutu bayan shekara guda. Wanda ya san zaman garin wasu ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Littattafan da ya goge ya gyara domin jama'a duk sun ɓace, sai ɗan gutsattsari. Waɗanda suka tsira su ne takardun darasi, masu tsauri, masu dunƙulalliyar magana, waɗanda wani malami mai suna Andaronikus ya tattara ya jera su wajen shekara ɗari uku bayan mutuwarsa. Wannan tsaurin shi ya sa tun farko ba a iya karanta Aristo sai da sharhi, mai sharhi kuwa ba ya rasa sa nasa gishirin. A ƙarni na uku bayan Annabi Isa wani mutumin Taya, ta ƙasar Labanan ta yau, mai suna Furfuriyus, ya rubuta 'yar gajeriyar gabatarwa ga manɗiƙin Aristo. Sunanta da Girkanci Isagogi, ma'anarta mashiga. A riƙe wannan suna, domin zai sake fitowa can gaba.

Daga Girkanci ilmin bai faɗa Larabci kai tsaye ba, ya fara yada zango a harshen Suryani. Malaman Kirista na Sham da Iraƙi, irin su Sarjis na Ra'asul Aini wanda ya mutu a 536, su suka fara juya shi, domin suna bukatar manɗiƙi wajen jayayyar da ke tsakanin ɗariƙunsu, da kuma wajen karatun likitanci. Da daular Abbasiyawa ta kafu aka gina Bagadaza, sai bukata ta sake fuska. Wajen shekarar 782 Halifa Mahdi ya sa shugaban cocin Gabas, Timotawus na Ɗaya, ya fassara masa littafin Aristo na dabarun jayayya, domin a lokacin malaman Musulunci suna fuskantar Kirista da Yahudawa da Majusawa a zauren muhawara. Ibnun Nadim, mai littafin Fihrist, ya kawo labarin cewa Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, ya ga Aristo a mafarki yana yi masa bayanin abin da ake kira kyakkyawa. Ko mafarkin ya auku ko bai auku ba, aikin fassara ya riga shi farawa, kuma ba halifa kaɗai ke biyan kuɗinsa ba, har da wazirai da attajirai da likitoci. Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya mutu a 873, da ɗansa Ishaƙa, su ne gwanayen wannan aiki. Hunainu yakan tara kofe da yawa na littafi guda ya gwama su kafin ya sa alƙalami.

Masu iya magana sun ce ba a sauya wa tuwo suna, amma a wannan tafiya an sauya, har da miyar. Ga misali mai ban sha'awa. Aristo yana da littafi a kan waƙa da wasan kwaikwayo, inda ya raba wasa gida biyu, na ban tausayi wanda ke ƙarewa da faɗuwar babban mutum, da na ban dariya. Larabawan Bagadaza ba su da dandalin wasa irin na Atina, ba su taɓa ganin an taru dubbai ana kallon 'yan wasa sanye da fuskokin aro ba. Saboda haka da Abu Bishir Matta ya zo fassara littafin daga Suryani, sai ya kira na farko madahu, na biyu hija'i, watau yabo da zambo. Bayan shekara ɗari biyu da wani abu Ibnu Rushdi ya yi sharhi a kan wannan fassara, ya cika shi da misalai daga waƙoƙin Larabawa, irin na Mutanabbi da Imru'ul Ƙais. Da Aristo zai tashi ya karanta, da wuya ya gane littafinsa. Amma fa ba za a ce aikin banza aka yi ba, domin ta wannan kuskuren ne aka sami wani sabon nazari a kan waƙar Larabci wanda babu shi a da. Da wani Bahaushe ne ya yi fassarar a zamanin da, mai yiwuwa shi ma makaɗan fada da 'yan gambara zai tuna.

Akwai kuma abin da ya fi wannan girma. A da'irar Al-Kindi, wanda ake kira masanin falsafar Larabawa, an fitar da wani littafi da sunan Tauhidin Aristo. Littafin kuwa ba nasa ba ne ko kaɗan. An tsamo shi ne daga rubuce-rubucen Aflutin, wani masani da ya zo bayan Aristo da shekara kusan ɗari shida, wanda ke koyar da cewa dukan samammu suna kwararowa ne daga Ɗaya, kamar yadda haske ke kwararowa daga rana. Wannan jingina ta sa Aristo na Larabawa ya fi Aristo na ainihi kusa da masu addini. Ubangijin da Aristo ya siffanta a littattafansa na gaskiya shi ne mai motsarwa wanda ba ya motsi, bai halicci duniya daga babu ba, ba ya kuma tunanin kome sai zatinsa. Ba abu ne da Musulmi ko Kirista ko Bayahude zai karɓa yadda yake ba. Haka nan aka jingina masa wani littafin na nasiha ga sarakuna, Sirrul Asrar, wai wasiƙa ce ya aika wa Iskandar, wanda daga baya ya zama cikin littattafan da aka fi kwafa a Turai. A gefe guda kuma littafinsa na gaskiya a kan siyasa bai shiga hannun malaman Larabci ba, har Ibnu Rushdi ya faɗa da bakinsa cewa rashin samunsa ne ya sa ya koma ya yi sharhin littafin Aflaɗun na tsarin mulki.

Tun a Bagadaza ɗin aka soma tambayar da har yau ba ta mutu ba: shin ilmin da baƙo ya ƙago cikin harshensa yana hawa kan wanda ba harshensa ba ne? Wajen shekarar 932 aka yi wata muhawara a gaban waziri Ibnul Furat tsakanin Abu Bishir Matta ɗin nan da malamin nahawu Abu Sa'id as-Sirafi. Matta ya tsaya a kan cewa manɗiƙi ma'auni ne, kamar sikeli, bai san ƙabila ba, domin huɗu da huɗu takwas ne a wurin kowace al'umma. Sirafi ya mai da masa cewa wani Bagirke ne ya tsara shi bisa ginin Girkanci, don me zai zama alƙali a kan Balarabe da Baturke da Ba'indiye? Ya kuma soke shi da cewa shi kansa Matta bai iya Girkanci ba, daga Suryani yake fassara, sa'an nan ya tsare shi da tambaya a kan ma'anonin harafin wawun a Larabci, Matta ya kasa. Wanda ya ruwaito labarin, Abu Hayyan at-Tauhidi, ya ba Sirafi nasara. A zauren waziri kam ya yi nasara. Amma almajirin Matta, watau Al-Farabi, wanda ya mutu a 950, shi ya ɗauki ƙalubalen da gaske, ya zauna ya bambanta nahawu, wanda ke gyara lafazin harshe guda, da manɗiƙi, wanda ke gyara ma'anar da ke cikin zuciyar kowane mai hankali, ya kuma nemo wa kalmomin Girkanci takwarorinsu na Larabci. Saboda wannan aiki aka yi masa laƙabi da Malami na Biyu, Aristo ne na farko.

Ibnu Sina, mutumin yankin Buhara wanda ya mutu a 1037, ya ba da labarin kansa cewa ya karanta littafin Aristo na abin da ke bayan ɗabi'a sau arba'in, har ya haddace shi, bai gane inda ya dosa ba, sai ran da ya sayi wani ɗan littafin Farabi a kasuwa dirhami uku, sa'an nan ƙofa ta buɗe. Shi bai tsaya ga sharhi ba. Ya rushe ginin ya sake aza shi da tsarinsa a cikin littafinsa Ash-Shifa, ya raba samammu gida biyu, wanda samuwarsa wajibi ce da zatinsa, da wanda samuwarsa mai yiwuwa ce kawai, yana bukatar mai samar da shi. Daga zamaninsa zuwa gaba, idan aka ce falsafa a gabashin ƙasashen Musulmi, galibi Ibnu Sina ake nufi, littattafan Aristo na asali sai aka rage buɗa su.

Sa'an nan Imam Gazali ya zo. Mutane da yawa sun ji cewa ya rubuta Tahafutul Falasifa ya rusa masana falsafa, sai su ɗauka ya kori kayan Girka gaba ɗaya. Ba haka al'amarin yake ba. Ya ɗauki mas'ala ashirin ya yi musu raddi, ya kafirta su a kan uku: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba sai a dunƙule, da kuma musun tashin jiki ranar ƙiyama. Amma manɗiƙi bai taɓa shi da sharri ba. Ya rubuta littattafai a kansa, irin su Mi'iyarul Ilmi da Al-Ƙisɗasul Mustaƙim, har ya sa shi a gabatarwar littafinsa na usulul fiƙhi, Al-Mustasfa, yana ganin ba a amince wa ilmin wanda bai san shi ba. Dabararsa ita ce ya tuɓe wa manɗiƙi rigar Girka, ya sa masa misalai daga fiƙihu. Maimakon a ce kowane mutum mai mutuwa ne, wane mutum ne, saboda haka wane mai mutuwa ne, sai a ce kowane abin maye haramun ne, wannan abin sha yana sa maye, saboda haka haramun ne. Ginin guda ne, kayan ginin ne suka sauya. Gazali ya rasu a 1111, kuma ana iya cewa shi ya buɗe wa manɗiƙi ƙofar makarantun addini, inda ya zauna daram. Ba kowa ya yarda ba. Ibnus Salah ya ba da fatawar haramta shi, Ibnu Taimiyya kuma, wanda ya rasu a 1328, ya rubuta babban littafi na raddi, inda ya kawo suka mai nauyi, cewa ƙiyasin Aristo ba ya haifar da sabon sani, domin wanda ya san jimlar farko ya riga ya san sakamakon.

A can yamma, a birnin Ƙurɗuba ta Andalus, aka haifi Ibnu Rushdi a 1126. Alƙali ne Bamalike, jikan alƙali, shi ne mai Bidayatul Mujtahid da malaman fiƙihu ke ji da shi har gobe. Wajen 1169 abokinsa Ibnu Ɗufail ya gabatar da shi ga Sarkin Muwahhidai Abu Yaƙub Yusuf, wanda ya yi kukan cewa maganar Aristo ta cika duhu, yana son wanda zai warware ta. Ibnu Rushdi ya shafe kusan shekara talatin yana wannan aiki, ya yi sharhi gajere da matsakaici da dogo, yana ƙoƙarin kankare abin da Ibnu Sina da waninsa suka shafa, ya komo da Aristo na ainihi. Ya mai da wa Gazali martani da Tahafutut Tahafut, ya kuma rubuta Faslul Maƙal, inda ya kafa hujja ta fuskar shari'a cewa yin nazari da hankali abin nema ne ga wanda ya cancanta, kuma amfani da kayan aikin magabata halal ne ko da ba su bi addini ba, kamar yadda ba a tambayar addinin maƙerin wuƙar da aka yi yanka da ita. A 1195 iska ta juya, aka kore shi zuwa wani gari mai suna Lusena, aka ƙone littattafansa na falsafa. An yafe masa daga baya, ya rasu a Marrakush a 1198.

Abin mamaki, magadansa na falsafa ba a cikin Larabawa suka fi yawa ba. Yahudawan Andalus da kudancin Faransa suka juya sharhunansa zuwa Ibrananci, har ma akwai waɗanda asalinsu na Larabci ya ɓace, sai a Ibrananci ko Latin ake samunsu yau. Ɗan garinsu, Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya mutu a Masar a 1204, ya rubuta Dalalatul Ha'irin da Larabci amma da haruffan Ibrananci, yana neman sulhu tsakanin Aristo da Attaura. Turawa kuwa, waɗanda ƙarnuka da dama ba su da kome na Aristo sai 'yan littattafan manɗiƙi da Bo'itiyus ya fassara, sun sami taska bayan da birnin Ɗulaiɗila, watau Toledo, ya faɗa hannun Kirista a 1085. Jerad mutumin Kiremona, wanda ya mutu a 1187, ya fassara littattafai fiye da saba'in daga Larabci, wasu kuma suna fassarawa kai tsaye daga Girkanci. Wajen 1230 sharhunan Ibnu Rushdi suka shiga Latin ta hannun Maikel Sikot. A jami'o'in Turai idan aka ce Masanin Falsafa, Aristo ake nufi, idan aka ce Mai Sharhi, alƙalin Ƙurɗuba ake nufi, ba sai an ambaci suna ba.

Rigimar da aka yi a Bagadaza ita aka maimaita a Faris, sai dai da wasu fuskoki. A 1210 aka hana koyar da littattafan Aristo na ilmin ɗabi'a a can. Kafin 1255 sun zama dole a manhajar jami'ar. Toma Akwinas ya yi wa Kiristanci kusan irin hidimar da Ibnu Sina da Musa bin Maimun suka yi wa nasu addinan, yana ambatonsu da suna, yana karɓa yana ƙi. Ya mutu ran 7 ga Maris 1274, kuma ran da ya cika shekara uku cif, bishop na Faris ya la'anci mas'ala 219, cikinsu har da dawwamar duniya, mas'alar nan da Gazali ya kafirta a kanta, wasu kuma sun shafi maganar Toma kansa. A 1323 coci ta sa Toma cikin waliyyanta. Daga nan Aristo ya zama ginshiƙin karatun Turai har zamanin su Galileyo, waɗanda suka nuna cewa ya yi kuskure a kan faɗuwar abubuwa masu nauyi da kuma zaman duniya a tsakiyar sammai. Ya ma isa ƙasar Sin, inda a 1631 aka buga fassarar wani sharhin manɗiƙinsa, aikin wani ɗan mishan na Fotugal da wani masanin Sin mai suna Li Zhizao.

Kada a ɗauka duk abin da ya yi tafiya alheri ne. A littafinsa na siyasa, wanda bai bi ta Larabci ba, aka fassara shi zuwa Latin daga Girkanci wajen 1260, Aristo ya ce akwai mutanen da bayi ne tun daga halittarsu. A 1550, a garin Bayadolid na ƙasar Sifen, wani masani mai suna Sepulbeda ya ɗauko wannan magana ya kafa hujja da ita cewa halal ne a yaƙi mutanen asali na Amurka a mallake su, wani limamin Kirista, Las Kasas, ya tsaya ya ƙaryata shi. Masu kare cinikin bayin Afirka su ma sun sha daga wannan rijiya. Girman sunan malami yakan sa a haɗiye maganarsa ba a tauna ba, kuma wannan na cikin mafi munin abin da aka haɗiya.

Yanzu sai a juyo gida. Wani malami mai suna Asiruddin al-Abhari, wanda ya rasu wajen 1265, ya taƙaita manɗiƙi cikin 'yan warƙoƙi, ya sa wa littafin suna Isaguji. Sunan nan na Furfuriyus ke nan, ya sha hanya har ya zama Larabci. A kan tsarin wannan littafi Akhdari ya gina waƙarsa ta Sullam. Amma tun kafin a haifi Akhdari manɗiƙi ya riga ya ƙetaro Sahara. Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa wajen 1492 ya rubuta masa nasiha a kan wajiban sarauta, gwanin manɗiƙi ne, yana da waƙa a kansa mai suna Minahul Wahhab, wadda aka riƙa karantarwa a Tambutu, har Ahmad Baba ya karance ta wurin malaminsa Muhammadu Bagayogo. A daidai wannan zamani Imam Suyuɗi na Masar, wanda shi ma ya aika wa sarakunan Katsina da Agadas da wasiƙar nasiha, yana cikin masu haramta manɗiƙi. Malaman biyu suka yi musayar baitoci. Magili yana cewa manɗiƙi hanya ce kawai ta bayyana gaskiya, a auna magana da kanta, kada a auna ta da mai faɗinta. Suyuɗi yana cewa bai kamata Musulmi ya nemi shiriya a ilmin waɗanda ba Musulmi ba. Watau muhawarar Matta da Sirafi ce ta sake tashi bayan shekara ɗari biyar da sittin, wannan karon tsakanin malamai biyu da ƙasar Hausa ta san su duka. Akhdari ya kawo wannan saɓani a farkon Sullam, ya zaɓi matsakaiciyar hanya, cewa ya halatta ga mai cikakken hankali wanda ya riga ya ƙoshi da Alƙur'ani da Sunna.

Hanyar da ta fi kowace faɗi ita ce ta tauhidi. Shehu Muhammadu Sanusi, shi ma mutumin Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya buɗe ƙaramar aƙidarsa, Ummul Barahin, da rabon hukuncin hankali gida uku: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Duk wanda ya ji ana karanta siffofin Allah ashirin da hujjojinsu ya ji amon wannan tsari. Misalin da littattafan manɗiƙi suka fi so kuwa shi ne: duniya mai sauyawa ce, duk mai sauyawa fararre ne, saboda haka duniya fararriya ce. A dubi abin da ya faru a nan. Aristo ya mutu yana ganin duniya ba ta da farko, ga shi an ɗauki ƙiyasinsa, awon da ya ƙera da hannunsa, ana tabbatar da kishiyar ra'ayinsa da shi, a garuruwan da bai taɓa jin sunansu ba.

Wannan ma bai zo ba tare da fitina ba. Malaman Fulani suka yi wa aƙidar Sanusi sharhi da Fulatanci, wanda ake kira Kabbe, kuma a ƙarshen ƙarni na 17 Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi ya mai da shi Larabci. Sai aka sami wasu almajirai da suka wuce gona da iri, suna tare talakawa da tambayoyin ilmin kalam, wanda ya kasa kawo hujjar hankali a kan imaninsa su ce kafiri ne, ba a cin yankansa, ba a aurar masa. Manomi da makiyayi da tsohuwa mai salla biyar duk suka shiga uku. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi tsaye a kan waɗannan mutane, ya yi rubuce-rubuce masu yawa yana nuna cewa imanin bamiye ingantacce ne, ba a ɗora wa kowa sanin istilahin masu kalam ba, hujjojin nan aikin malamai ne domin kare aƙida. Shehu bai haramta ilmin ba, ya dai ƙi a mai da shi bulala. Wannan hukunci nasa ya yi kusa da abin da Gazali ya tafi a kai a ƙarshen rayuwarsa, lokacin da ya rubuta littafi a kan tsare bamiye daga ilmin kalam.

A cikin gidan Shehun ne kuma aka sami wanda ya fi kowa nisa a wannan fage. Abdulƙadir ɗan Mustafa, wanda aka fi sani da Ɗan Tafa, ɗan Nana Hadiza 'yar Shehu ne, an haife shi a 1804, shekarar hijira zuwa Gudu. Ya zauna a Salame yana karantarwa. An fi saninsa da littafin tarihi, Raudatul Afkar, amma ya yi rubutu a kan falsafa tsantsa, irin su Al-Futuhatur Rabbaniyya da Kulliyatul Alamis Sitta, inda ya tattauna asalin samammu, da rai, da jiki, da maganganun masana ɗabi'a, yana gwama su da abin da ya gada na Sufaye. Ya rasu a 1864. Littattafansa sun daɗe a rubutun hannu cikin gafakoki, sai a ƙarni na 20 masu bincike suka fara fito da su.

Wasu kalmomin wannan doguwar tafiya sun sauka cikin bakin Hausawa har an manta baƙi ne. Falsafa kalmar Girka ce, ma'anarta son hikima, ta bi ta Larabci ta iso. Furfuriyus ya jera abubuwa biyar da ake siffanta kowane abu da su, almajirin Sullam yana haddace su: jinsi, da nau'i, da fasali, da hassa, da arali. Biyun farko kuwa yau har a kasuwar Mile 12 ana jinsu, lokacin da mai saye yake tambayar dillali wane nau'in albasa ne aka sauke daga motar Aliero, ko wane jinsin shanu ne suka iso daga Potiskum.